Tarihin Gari, Gayyar 'Yan Gari

A duk faɗin ƙasar Hausa a yau babu mai tattara kayan tarihi da himma da naci irin ɗan gwangwan. Ba ya fashi, ba ya jiran kasafin kuɗi, ba ya neman izinin kowa. Kullum yana tafe da kurarsa lungu-lungu, yana karɓar tsohuwar tasar tagulla da munduwa da likkafa da linzami da kan mashi da uwar maƙera, ya ɗora a sikeli, ya biya kuɗin kilo. Daga nan sai tukunyar narka ƙarfe. Abin da ya tsira daga hannunsa kuwa, gara da yoyo da rabon gado suna nan suna dakonsa. Rigar saƙi ta koma tsumma, gafakar kaka ta ruɓe a ƙuryar ɗaki, masaƙa ta shiga murhu ranar da itace ya yi tsada.

Ban ga laifin ɗan gwangwan ba, halalinsa yake nema. Laifin yana wuyanmu, mu da muka yi karatu, muka iya jawabi a kan martabar magabata, amma muka kasa ware ɗaki guda a garinmu inda za a ajiye abin da magabatan suka bari. Matsayina a wannan maƙala shi ne: kowane gari mai tarihi ya wajaba ya kafa gidan tarihinsa da hannun 'ya'yansa, ya tafiyar da shi ta hanyar aikin sa-kai, kamar yadda kakanninmu suka yi noma da yaɓe da yashe rijiya ta hanyar gayya. Ina faɗar haka a matsayina na ɗaya daga cikin matasan da ke kula da wani ɗan ƙaramin gidan tarihi mai ɗaki biyu a garinmu, babu albashi babu alawus. Na ji hujjojin masu suka har na haddace su, zan kuma bi su ɗaya bayan ɗaya. Bayan su zan juyo kan 'yan'uwana 'yan sa-kai, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ai Wannan Aikin Gwamnati Ne"

Wannan ita ce magana ta farko da ake tarbar mutum da ita, kuma ita ce mafi daɗin faɗa, domin tana sauke nauyi daga kan kowa ta ɗora wa wanda ba ya wurin. Gaskiya ne akwai hukumar da doka ta ɗora wa wannan aiki. Tun 1979 aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ita ce kuma ke riƙe da Gidan Makama a Kano da gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe tun 1952, da wasunsu. A cikinta akwai ƙwararrun da nake girmamawa. To sai dai Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, a kowace kuma akwai garuruwa da ƙauyuka masu kufai da ganuwa da marina da tsofaffin makarantun allo. Wace hukuma ce daga Abuja za ta san gidan da zuriyar Sarkin Maƙera take a garinku, balle ta san tsohuwar da ta rage cikin masu kaɗi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hasali ma, wanda ya ɗauka cewa duk abin da ya shiga hannun hukuma ya tsira, to bai bibiyi labarin duniya ba. A daren 2 ga Satumba, 2018, gobara ta tashi a Gidan Tarihin Ƙasa na Birazil da ke birnin Riyo, gidan da ya shekara 200 yana tara kaya kimanin miliyan 20. Mafi yawansu suka zama toka kafin wayewar gari, bayan shekaru ana kukan ƙarancin kuɗin gyara, 'yan kwana-kwana kuma suka tarar da famfunan da ke kusa babu isasshen ruwa. A 2023 Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan, wanda ke riƙe da dukiyar al'ummu da dama da sunan ya fi su iya adanawa, ya bayyana cewa kaya kimanin 2,000 sun ɓace ko an sace su ko an lalata su, har shugabansa ya ajiye aiki. A nan gida, ganuwar Kano, wadda tarihi ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ginawa kusan shekara 900 da suka wuce, doka ta daɗe da sanya ta cikin kayan tarihin ƙasa, amma takardar doka ba ta hana a ɗebi ƙasarta a yi tubali ba, ba ta hana a kafa shaguna a kanta ba. Abin da mutanen wuri ba su ɗauka nasu ba, babu dokar da za ta tsare shi.

Mu duba ɗaya ɓangaren. Su wa suka gano manyan abubuwan da muke alfahari da su? Kwalekwalen Dufuna, wanda masana suka ƙiyasta ya kai shekara 8,000, ya kuma zama mafi tsufa da aka sani a Afirka, wani makiyayi Bafulatani ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a Jihar Yobe ta yanzu. Da ya fasa shi ya yi makamashi, da shi ke nan. Bai yi haka ba, ya kai labari, masana daga Maiduguri da Jamus suka zo suka tono shi a 1994. Kan yumɓun nan da ya buɗe ƙofar binciken al'adar Nok a 1943, a gonar doya yake a matsayin mutum-mutumin korar dabbobi kafin ya isa hannun Bernard Fagg. A Tambutu, lokacin da 'yan bindiga suka mamaye birnin a 2012, iyalai masu ɗakunan littattafai ne suka zuba rubuce-rubucen kakanninsu a akwatunan ƙarfe, suka fitar da su a ɓoye ta mota da kwalekwale zuwa Bamako, rubuce-rubuce dubu ɗaruruwa. Waɗanda aka ƙona a Janairun 2013, kimanin 4,000, a sabon ginin cibiyar Ahmad Baba ta gwamnati aka same su.

A Afirka ta Kudu akwai misalin da ya fi kusa da abin da nake kira a yi. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana unguwar District Six da ke birnin Kef a matsayin ta Turawa zalla, aka kori mutane fiye da 60,000, aka rushe gidajensu. A 1994 tsofaffin mazauna unguwar da magoya bayansu suka buɗe gidan tarihi a wata tsohuwar majami'a. Suka shimfiɗa taswirar unguwar a ƙasa, kowa ya zo ya rubuta sunansa a inda gidansu yake, suka rataye allunan sunayen tituna waɗanda wani ma'aikacin rusau ya ɓoye maimakon ya zubar. Babu hukumar da za ta fara wannan aiki, domin hukuma ce ta yi rusau ɗin.

Ni da tsarana muna da ƙarin dalili. A zangon karatu na 2009/2010 aka cire darasin Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 aka ƙaddamar da dawo da shi. A tsakanin nan muka taso. Wanda ya yanke mana wannan hukunci shi ake cewa mu zauna mu jira ya zo ya adana mana tarihin unguwarmu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

"Kayan Jahiliyya Ne"

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin masu yin ta galibi mutanen kirki ne da ke tsoron kada a mayar da jama'a ga abin da aka baro. Suna jin an ce gidan tarihi, sai gumaka da tsafi su faɗo musu a rai. Ina roƙon irin waɗannan bayin Allah su zo su gani, domin gani ya kori ji. Me za su tarar? Garma da hauya da lauje. Mazari da abawa da ƙoshiyar masaƙa. Zugazugi da masaba da awartaki. Akushi da ludayi da dutsen niƙa. Kuɗin wuri da anini da kwabo da sule, zuwa fam ɗin da naira ta gada a ranar 1 ga Janairu, 1973. Allo da tawada da alƙalamin kara, da Alƙur'ani rubutun hannu a gafakarsa ta fata. Ina jahiliyya a nan? Wannan shi ne gumin Musulmi masu sana'a, waɗanda tufafinsu suka kai Tambutu da Gat da Tarabulus, kamar yadda Heinrich Barth ya shaida bayan ya ziyarci Kano a 1851.

Ko da an zo kan abin da ya shafi addinin gargajiya, wa ya sanar da mu labarin Barbushe da Tsumburbura da Dutsen Dala? Littafin tarihin sarakunan Kano ne, wanda aka rubuta da Larabci a cikin garin Musulunci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri, bai tsallake labarin ƙasashen nan kafin jihadi ba. Waziri Junaidu ya ƙarar da rayuwarsa yana tara rubuce-rubuce da nazarin tarihi, har cibiyar tarihi ta Sakkwato take ɗauke da sunansa. Alƙur'ani mai girma kansa a wurare da dama ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Yaya za a duba abin da aka shafe? Ajiye abu a bayan gilashi da takardar bayani a gefensa karatu ne, wanda ya tsaya a gabansa kuwa ɗalibi ne. Bambancin ɗalibi da mai bauta ba ya ɓuya ga mai hankali.

Abin takaicin ma shi ne, mafi yawan asarar da wannan tsoro ke jawowa a kan kayan Musuluncin take faɗawa. Gidaje nawa ne na malamai da ke da buhunan takardu, wasiƙu da fatawoyi da waƙoƙin ajami da littattafan fiƙihu rubutun kakanni, waɗanda jikoki ba su iya karantawa, ba su kuma da inda za su kai? Wasu don girmamawa suke haƙa rami su binne, wasu su ƙona. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma sakamakon daidai yake da na gobara.

Tarihin Wa Za a Ajiye?

A nan zan ɓata wa wasu masoyanmu rai. Da zarar an ce za a kafa gidan tarihi a gari, sai tunanin manya ya tafi ga jerin hotunan sarakuna, da sulke da kwalkwali da lifidi, da tambari da kakaki. Ba na raina waɗannan. Gidan tarihin Kanta da ke Argungu, wanda ya kasance fada tun 1831 kafin a mayar da shi gidan tarihi a 1958, abin alfahari ne, sarakuna kuma sun riƙe amanar kaya da yawa da sun salwanta. Amma fada tana da marubutanta da maroƙanta da makaɗanta, ba ta taɓa rasa mai tuna ta ba. Wanda ba shi da mai tuna shi shi ne talakan da ya yi jigilar ƙasar ganuwa a ka, da matar da ta kaɗa zaren rigar da sarki ya sa.

Mu tuna da Baba ta Karo. Tsohuwa ce da ta zauna a ƙasar Zazzau, ba ta da sarauta, ba ta yi boko ba. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da Mary Smith ta ba ta labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954, bayan rasuwarta. Har gobe duk mai son sanin yadda aure da kishi da ƙawance da riƙon 'ya'ya da harin bayi da zuwan Turawa suka kasance a idon macen Bahaushe, sai ya koma ga wannan littafi. Tsohuwa guda ke nan, wadda aka yi dace wani ya saurare ta. A kowace unguwa akwai irinta, kuma kowace shekara muna binne su da abin da suka sani, alhali a aljihun kowane ɗayanmu akwai wayar da za ta iya naɗar murya ta sa'o'i.

Gidan tarihin da 'yan gari ke tafiyarwa shi ne kaɗai ke da damar faɗar abin da fada da hukuma za su so a yi shiru a kai. A ƙasar nan an yi bauta. An yi rinji, an sayar da mutane a kasuwa, bayi sun biya murgu don su fanshi kansu, ba a kuma soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai a 1936. An yi aikin tilas. An shanya magidanta a rana saboda haraji, Fulani sun gudu da shanu saboda jangali, har zuwa 1979 da gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke su a jihohinsu. An ɗaure 'yan NEPU an yi musu bulala saboda ra'ayi. A ɗan gidan tarihinmu, abin da ya fi tsayar da dattawa wata 'yar takardar shaidar biyan haraji ce da ta yi ja saboda tsufa. A gabanta suke zama su fara magana, yara su kewaye su. Takobi yana burge yaro na ɗan lokaci, ita kuwa wannan takarda tana sa shi tambayar kakansa abin da bai taɓa tambaya ba.

Na san akwai masu cewa tone-tone ke nan, a bar kaza cikin gashinta. Ina amsa musu da cewa akwai bambanci tsakanin faɗar gaskiya da cin zarafi. Ba aikin gidan tarihi ba ne ya nuna wani gida ya ce ga jikokin bayi, ko ga zuriyar wanda ya yi zalunci. Ana iya bayyana yadda tsarin ya gudana ba tare da tozarta kowa ba. Amma garin da gidan tarihinsa ya zama kirari zalla, ya ƙara maroƙi ne a fada, kuma yaran yanzu masu waya a hannu za su gane an ɓoye musu wani abu, su daina yarda da sauran.

Gyara Kayanka

Yanzu na juyo kanmu. Babban makiyin gidan tarihin sa-kai shi ne ɗan sa-kan da ya ɗauka cewa kyakkyawar niyya ta wadatar. Na ziyarci wasu wurare da ake kira gidan tarihi, na tarar da ɗakin shirgi: kaya jibge a ƙasa, babu wanda ya san daga ina suka zo, sai mutum guda mai mabuɗi da ke riƙe da labarin komai a kansa. Ranar da ya kwanta dama, labarin ya bi shi kabari, magada kuma su ce kayan na ubansu ne. Irin wannan wuri ya fi rashinsa illa, domin ya raba kayan da gidajen da suka san asalinsu, bai kuma ba su wani asalin ba.

Ran gidan tarihi shi ne rajista. Duk abin da ya shigo a ba shi lamba, a rubuta ranar da ya zo, da wanda ya kawo, da wanda ya yi shi in an sani, da abin da ake yi da shi, da sunansa a bakin masu shi. A fayyace ko kyauta ce ko aro, mai kaya ya sa hannu, shaidu biyu su sa, a ba shi kwafinsa. A ɗauki hoton kayan, a ajiye kwafin rajistar a wani gida daban, wani kuma a intanet. Tulun da ba a san garinsu ba tulu ne kawai. Wanda aka san maginiyarsa da unguwarta da ramin da ta ɗebo yumɓu, shi ne shaidar tarihi. Wani ɓangare na abin da ya ba ɓarna dama a Landan shi ne da yawa daga kayan da suka ɓace ba a yi musu cikakkiyar rajista ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai kuma sanin hannu. Ƙauna marar ilimi tana kashe kaya fiye da sakaci. Kada a liƙe tsohuwar takarda da salatif, kada a kai ta shago a narka mata leda, domin zafi da gam suna cin takarda, ba a kuma iya warware su. Kada a rubuta lamba da biro a jikin takarda, fensir ya isa. Kada a goge tagulla da toka da lemun tsami don ta yi ƙyalli, wannan duhun da ke jikinta shi ne shekarunta. Tufafin rini ba sa son hasken rana, yana kashe launinsu. Komai a ɗaga shi daga ƙasa, a janye shi daga bango, domin ta nan gara ke zuwa. Kafin damina a duba rufi, lokacin hunturu a rufe kaya daga ƙura, a riƙa buɗe akwatuna ana duba asu da fumfuna. Duk wannan ba ya bukatar miliyoyi. Yana bukatar mutum ya zo ranar da ya ce zai zo.

Akwai kuma doka, wadda jahiltarta ba uzuri ba ce. Dokar 1979 ta hana tono wuraren tarihi ba da izini ba, ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ƙasar waje ba da izini ba, ta kuma ba hukumar ikon amincewa da gidan tarihi mai zaman kansa. Tun shekara ta 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya mutum-mutumin yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da masu fasa-ƙwauri suka fi wawashewa. Saboda haka gidan tarihin gari ba ya sayen abin da aka tono, ko da mai shi ya yi rantsuwa a gonarsa ya tsinta. A rubuta wurin, a sanar da hukuma. Duk gidan da ya fara saye ya zama kasuwar ɓarayi. A yi wa gidan rajista a matsayin ƙungiya mai amintattu, ta yadda kayan za su zama mallakar gari, ba wanda zai wayi gari ya ce nasa ne. A cikin amintattun a sa mace, a sa malami, a sa mai sana'a, a sa wakilin fada, kada kuma ɗayansu ya riƙe mabuɗi da asusu shi kaɗai.

Gayya Tana da Ƙa'ida

Akwai wani zalunci da ake yi da sunan sa-kai wanda ya kamata a kira shi da sunansa. Matasa marasa aikin yi su share, su goge, su yi gadi, su biya kuɗin mota daga aljihunsu, ranar da baƙi suka zo kuma masu manyan riguna su tsaya a gaba a ɗauki hoto. Wanda ya yi wannan bai san gayya ba. A gayyar noma mai gona shi ke kawo fura da tuwo da goro, shi ke kiran makaɗa, gobe kuma in an koma gonar wani, shi ma ya ɗauki fartanyarsa. Kowa da abin da yake kawowa. Matashi ya kawo ƙarfinsa da iliminsa, tsoho ya kawo saninsa, mai hali kuwa rabonsa kuɗi ne, ba a kuma yafe masa.

Kuɗin da ake bukata ba su kai na walimar aure guda ba: kwanon rufi, ƙofar ƙarfe, kantoci, littafin rajista, da ɗan abin da za a ba mai zuwa buɗe ƙofa don kada ya taka da ƙafa. Muna da tsarin da ya dace da wannan tun kafin zuwan Turawa, wato waƙafi. Attajiri guda ya tsayar da shago guda a kasuwa, kuɗin hayarsa su riƙa shiga asusun gidan, a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata uku. Wannan ya fi gudummawar ɗan siyasa ta rana guda, wadda ke zuwa da sharaɗin a rataya hotonsa a zaure. Ƙaramar hukuma kuma, in ba za ta iya komai ba, ta ba da ɗaya daga tsofaffin gine-ginen En'e da ke zaman kango, ta rubuta takarda, ta janye hannunta. Makarantu su kawo ɗalibai, jami'o'in da ke kusa su turo masu nazarin tarihi da kimiyyar tono su koya wa 'yan sa-kai aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kammalawa

A Disambar 2022 Jamus ta miƙa wa Nijeriya kimanin 20 daga kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, muka yi murna, kuma murnar ta dace. Amma akwai abin kunya a ce muna ɗaga murya a dawo mana da abin da aka ƙwace shekara fiye da 120, alhali abin da ba wanda ya ƙwace yana ruɓewa a ɗakunanmu. Waɗancan kaya, duk da zaluncin da ya fitar da su, suna nan ana iya neman su. Masaƙar da ta shiga murhu da tsohuwar da aka binne da labarinta, babu jakadan da zai je ya karɓo su.

Ba na da'awar cewa gidan tarihi zai cika ciki ko ya kawo tsaro. Na san halin da ake ciki, na san wanda bai ci ba ba ya sha'awar kallon akushi. Sai dai na lura al'ummar da ta yarda cewa ba ta taɓa ƙera komai ba, ba ta taɓa saƙa komai ba, ba ta taɓa tsayawa ta ce wa azzalumi a'a ba, ita ce ke saurin yarda cewa ba za ta iya komai ba a yau. Yaron da ya riƙe ƙoshiyar masaƙa a hannunsa, aka ce masa a unguwarsu aka yi ta, zanen da ta saƙa kuma ya ƙetare Sahara, ya samu abin da babu allon aji da zai ba shi.

Kirana ga 'yan'uwana masu digiri, musamman waɗanda ke zaune suna jiran takardar ɗaukar aiki, shi ne kada mu jira gini ko bikin buɗewa. A samu mutum biyar masu amana, da littafi mai ƙwarin bango, da waya mai naɗar murya. A fara da mafi tsufa a unguwa, a gaishe shi da ladabi, a nemi izininsa, a zauna a saurara. A bi gidajen maƙera da marina da majema da masaƙa a rubuta abin da ya rage da wanda ke riƙe da shi, ko da ba za su bayar ba. Ɗaki zai samu daga baya. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, amma sai akwai abin da aka bari a baya ake waiwaye, tsofaffin da suka san hanyar kuwa ba su da lokacin jiran mu gama shawara.